Ba da Mudu Ɗaya Za a Auna Mashayi da Mai Fasa Gida Ba

Duk lokacin da aka fasa gida a unguwa, ko aka tare wani aka ƙwace masa waya tsakanin Ƙofar Ƙaura da Sabuwar Unguwa, magana ɗaya ce ke fitowa a majalisa da ƙofar masallaci: a tsananta hukunci, a kai su gidan yari a manta da su. Ban ga laifin mai faɗin haka ba. Wanda aka shigar masa ɗaki da tsakar dare yana kwance da iyalinsa ba ya cikin halin sauraron dogon bayani. Amma waɗanda ake cewa a kai ɗin ba iri ɗaya ba ne. Akwai yaron da aka samu da ƙullin wiwi a aljihu, akwai wanda ya haura katangar mutane da adda a hannu, akwai kuma wanda ya fizge jikinsa lokacin da ɗan sanda ya ci kwalarsa. Sau da yawa ma mutum ɗaya ake jera wa duka ukun a takardar tuhuma. Abin da nake gani shi ne nauyin hukunci ya kamata ya bi nauyin cutar da aka yi wa wani. A yadda muke tafiya yanzu a Katsina, aljihun dangin mai laifi ne ke yanke wanda zai kwana a gida da wanda zai kwana a hannun gandiroba.

Mu fara da ƙwaya, tunda a nan ne doka ta fi nisa da abin da ke faruwa a ƙasa. Dokar hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989 lokacin mulkin soja, ta ce duk wanda aka samu da hodar iblis ko makamantanta ba tare da izini ba, ɗaurinsa ba zai gaza shekara 15 ba, kuma zai iya kai wa 25. Kotuna sun sanya wiwi a cikin makamantan. Sashen bai bambanta mai ƙulli ɗaya da mai buhu ba. Sai mu dubi yawan waɗanda dokar ta hau kansu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa, ban da giya da sigari, a cikin shekara guda. Kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke, kuma ɗaya cikin huɗu na mashayan ƙasar mace ce. Duka gidajen yarin Najeriya kuwa mutanen da ke cikinsu wajen dubu 80 ne, kuma a hakan ma sun cika sun batse.

Kowa ya san ba za a ɗaure mutum miliyan 14 ba. Alƙalai ma sun sani, shi ya sa a aikace wanda ya amsa laifinsa a Babbar Kotun Tarayya kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba yakan samu watanni, ko shekara ɗaya ko biyu, sau da yawa da zaɓin tara. To ina amfanin shekara 15 ɗin da ke rubuce? Amfaninta ɗaya da na gani shi ne tsoratarwa kafin a je kotu. Da ita ake kaɗa hantar uba a ce masa ɗansa zai tsufa a gidan kaso, sai ya tashi ya sayar da abin da yake da shi domin a kashe magana. Ba kowane jami'i ke haka ba, na san masu tsoron Allah a cikinsu. Amma dokar da ta yi tsananin da ba za ta aiwatu ba, ƙofar ciniki take buɗewa, ko da wanda ya rubuta ta bai nufi haka ba.

Zaɓin tara kuwa shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na taɓa zama a wata kotu a cikin gari ina jiran shari'ar wani ɗan'uwa kan rikicin fili, aka shigo da samari an haɗa su bibbiyu da ankwa, wasu ko takalmi babu. Biyu daga cikinsu laifinsu ɗaya, tare aka kama su, tare suka amsa, hukuncinsu ma ɗaya: wata shida ko tara. Kafin a kira ƙara ta gaba kawun ɗayan ya je ya biya ya karɓo rasit, aka cire wa yaron ankwa, ya fita yana murza wuyan hannunsa. Uwar ɗayan tsohuwa ce, da ɗan mayafinta da ya ƙoɗe, ta bi magatakarda har bakin ƙofa tana cewa, "Yallaɓai, a taimaka a ɗaga mini zuwa Juma'a, akuyata zan sayar." Ya ce mata, "Ki yi haƙuri Inna, wallahi ba a hannuna abin yake ba." Gaskiya ya faɗa. Aka sa yaron a mota tana tsaye.

Ba a Katsina kaɗai ake haka ba. A watan Nuwamba na 2023 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasar nan, waɗanda abin da ya riƙe su kawai shi ne sun kasa biyan tara ko diyya. Naira miliyan 585 aka tara daga masu hali da kamfanoni aka biya musu. Idan ka raba, kowane mutum bai kai naira dubu 150 ba. Ke nan mutum dubu huɗu suna kulle ne saboda talauci, tunda kotun da kanta ta riga ta ce laifinsu bai kai a ce lallai sai an tsare su ba. Shi kuwa dila, wanda yake raba wa yaran unguwa tiramol da rochi, kuɗin tara a wurinsa cinikin yini ɗaya ne. Mu da muka tashi muna jin hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata aka nemi a yi mata ceto, Manzon Allah (SAW) ya yi fushi ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi, bai kamata wannan tsari ya kwanta mana a rai ba.

Gyaran nan ba sai an jira Abuja ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba alƙali damar jingine hukunci ko ya sa mai ƙaramin laifi aikin al'umma, kuma Jihar Katsina ta yi tata dokar a kan wannan turba. Wanda ba shi da kuɗin tara a ba shi tsintsiya da shebur, ya share asibiti, ya yashe magudanar ruwa kafin damina, ya sa hannu kullum a gaban jami'i. A bar shi ya biya kaɗan-kaɗan idan yana da sana'a. Mai sayarwa kuma a rufe masa ƙofar tara gaba ɗaya.

Sannan me gidan yari yake yi wa mashayi? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya ba a ma yanke musu hukunci ba, zaman jiran shari'a suke yi, yau a ɗage gobe a ɗage, babu mai shaida, babu motar kawo su, fayil yana ma'aikatar shari'a ana jiran shawara. Tsohon gidan yarin da ke cikin birnin Katsina tun zamanin Turawa aka gina shi, lokacin da garin bai fita ganuwa ba. Yaro ɗan shekara 19 da bai taɓa ɗaukar kayan kowa ba zai kwana kafaɗa da kafaɗa da wanda ya ƙware a ɓalle kwaɗo da sayar da babur ɗin sata a tsallaken iyaka. Ya fito babu sana'a, babu mai ba shi aiki, babu mai ba shi 'ya, kuma ƙishirwar ƙwayar tana nan a jikinsa domin ba wanda ya yi masa magani. Abokan da suka rage masa su ne waɗanda ya samu a ciki. A kan wannan sakamako gwamnati ke kashe kuɗi. Kuɗin abincin fursuna ɗaya, bayan ƙarin da aka yi a 2024 daga naira 750 zuwa 1,125 a yini, ya haura naira dubu 400 a shekara, ban da albashin ma'aikata da magani da jigila.

Iyaye sun daɗe da sanin cewa 'ya'yan nan magani suke buƙata. Ba mu manta da watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura, sannan wani a cikin birnin Katsina, makonni kaɗan bayan na Rigasa a Kaduna, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Duniya ta yi ca, aka rufe wuraren, kuma rufewar daidai ce. Amma tambayar da ba a tsaya an amsa ba ita ce me ya sa uba zai ɗauki ɗan cikinsa ya kai shi wurin, har ya riƙa biyan kuɗi duk wata. Ya kai shi ne domin yaron ya sayar da tukunyar uwarsa, ya zare wa ƙaninsa wuƙa, kuma uban ya duba gabas da yamma bai ga inda zai kai shi ba. Gadajen da ake da su na masu wannan lalura a asibitocin gwamnati da cibiyar NDLEA ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba, masu zaman kansu kuma sai mai hali. Mun rufe gidan mari, ba mu buɗe abin da zai maye gurbinsa yadda ya kamata ba.

Ba ina cewa a halatta shaye-shaye ba ne. Haramun ne, ɓarna ce, kuma dole hukuma ta sa hannu. Amma ko a shari'ar Musulunci, wadda jiharmu ta ɗauka tun 2000, haddin mai shan giya a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne, a yi a gama, mutum ya koma cikin iyalinsa da sana'arsa. Kuma ya zo a Bukhari cewa an sha kawo wani mutum gaban Annabi (SAW) saboda sha, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. An hukunta shi, ba a yar da shi ba. A nan kusa da mu, Ghana ta sauya dokarta a 2020, ta mayar da hukuncin wanda aka samu da ƙwaya don shan kansa ya zama tara a maimakon ɗauri na shekaru. Ni zan so mu wuce nan, tunda na faɗi matsalar tara. Alƙali ya tura mashayi magani na dole, a riƙa gwada shi, ya riƙa bayyana a gaban kotu tare da mahaifinsa ko mai unguwarsu, a haɗa shi da mai koya masa sana'a. Idan ya karya sharaɗi sau da yawa, sai a tsare shi.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce ƙwayar nan ita ce ke tunzura Ƙauraye, wato 'yan dabar Katsina, su sari mutum da rana tsaka, ita ce 'yan bindiga ke sha kafin su afka wa ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya da Faskari. Haka ne. Shi ya sa nake son ƙarfin doka ya tafi inda ƙwayar take fitowa. Tiramol mai miligiram 225, wanda ya ninka abin da hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da shi fiye da sau biyu, ba yaron Tudun Wada ne ya shigo da shi a kwantena ba. An hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi tun watan Mayu na 2018, amma wanda yake nema ya san kemis ɗin da zai je. Mai kai wa daji ƙwaya abokin aikin ɗan bindiga ne, a yi masa hukuncin da ya dace da haka, a ƙwace dukiyar da ya tara. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da hukuncin kisa ga masu safara, mutane suka yi ta tafi. Ni ban ga abin da zai ƙara ba. Ɗaurin rai da rai yana cikin dokar tun tuni ga mai shigowa da mai sayarwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne babban dila ya tabbata a ransa cewa idan aka kama shi ba waya ɗaya da za ta fitar da shi.

Fasa gida kuwa wani abu ne daban, kuma a nan ba na neman sassauci. Wata maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da ƙanƙara da zoɓo take riƙe gidan. Ta yi adashi ta sayi batir da farantin sola domin firinjinta ya daina dogara da wutar da ba ta zuwa. Dare ɗaya aka haura aka kwance batirin, aka haɗa da tukunyar gas da keken ɗinkin 'yarta. Da safe na ga wayoyin da aka yanke suna lilo a bango, zoɓon jiya ya yi tsami a cikin robobi. Amma abin da ya fi asarar kayan shi ne ta daina barci. Ƙaramin ɗanta ya koma kwana da takalmi a ƙafa, wai ko za su dawo. An kama ɗaya daga cikin ɓarayin, an yanke masa ɗauri, ita kuwa ko sisi ba ta gani ba, sai ma kuɗin mota da ta yi ta kashewa zuwa caji ofis da kotu.

Wannan shi ne gurguncin hukuncinmu a kan sata: ana ɗaure ɓarawo a manta da mai kaya. Kundin laifuka na Arewa tun na farko, wanda ya fara aiki a 1960, ya ba kotu ikon sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, amma sau nawa ake bin umarnin har kuɗi ya shiga hannun mai shi? Ya kamata diyya ta zama ginshiƙin hukuncin, ta bi mutum har bayan ya fito, a riƙa cira daga abin da yake samu sai ya gama. Sannan a je wa mai saye. Batir da waya da wayar wuta da famfon ruwa ba cinye su ɓarawo yake yi ba, akwai wanda ke jiransu da asuba ya saya a rabin kuɗi, kuma sau da yawa mutum ne mai shago da mutunci a kasuwa. Muddin shi yana tsira, sabon yaro zai maye gurbin wanda aka ɗaure kafin sati ya zagayo.

Ko a cikin satar ma akwai hawa-hawa, kuma malamanmu sun rigaya kowa faɗin haka da suka yi maganar nisabi da ma'ajiya, wato ƙimar abin da aka sata da irin wurin da aka ajiye shi, kuma Sayyidina Umar ya dakatar da haddi a shekarar yunwa. Wanda ya shiga gidan da mutane ke barci, da makami, ko a cikin gungu, ko ya saba, ya sha ɗauri mai tsawo babu zaɓin tara, domin tsakaninsa da kisan kai farkawar mai gida ce kawai. Wanda ya ɗauki kwanon masara a rumfar da ba kowa, karon farko, ya biya ya yi aikin al'umma. Idan kotu ta sako na farkon bayan wata biyu saboda an biya masa, ta riƙe na biyun shekara yana jiran shari'a, mutanen unguwa suna gani. Daga nan ne ake fara cewa kada a kai ɓarawo wurin hukuma, a gama da shi a nan. An sha rasa rayuka ta wannan hanya, har da na waɗanda ihu kawai aka yi musu.

Saura turjiya ga 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi tarar naira dubu 500 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, ga wanda ya doki ɗan sanda, ko ya hana shi aiki, ko ya yi masa turjiya. Ɗan sanda yana da haƙƙin doka ta kare shi. A jihar nan mun yi jana'izar da yawa daga cikinsu da suka mutu suna tsaron garuruwanmu, kuma wanda ya zare wa jami'i wuƙa ko ya tara masa zauna-gari-banza su ƙwace wanda ya kama, a hukunta shi da gaske. Damuwata ita ce wannan tuhuma ita ce wadda mai ƙara da mai shaida da wanda aka ce an cuta duk mutum ɗaya ne. Mutane sun zo cikin farin kaya da dare, ba su nuna shaida ba, ba su faɗi laifi ba, sun cafki yaro, ya yi ƙoƙarin gudu a garin da ake satar mutane. Wannan turjiya ce ko tsoro? Dokar 2015 ta ce a gaya wa mutum dalilin kama shi, ta hana kama wani a madadin wani, ta hana sa ankwa sai da dalili. Dokar hana azabtarwa ta 2017 tana nan. Kafin alƙali ya ƙara wa mutum ko da kwana ɗaya saboda turjiya, ya tambaya yadda aka yi kamun, ya nemi takardar asibiti idan an ce an ji wa jami'i rauni, ya dubi jikin wanda ake tuhuma shi ma. Kowane ɗan sanda yana da waya mai ɗaukar bidiyo a aljihu. Mai gaskiya a cikinsu shi zai fi kowa amfana idan aka wajabta ɗauka.

A watan Maris na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki da ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, bayan dokar 2019 da ta samar da sashen kula da masu hukuncin da ba na ɗauri ba. Ke nan Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da Majalisar Dokokin Jiha suna da hurumi. Gwamnatin da ta iya ɗaukar dakarun tsaron al'umma sama da dubu a 2023 za ta iya ɗaukar jami'an da za su bibiyi masu aikin al'umma da masu biyan diyya a ƙananan hukumomi 34. Za ta iya gina cibiyar magani ta gaske a Katsina da Daura da Funtuwa, da likitoci da masu ba da shawara da ɓangaren mata, domin su ma suna sha a cikin ɗaki kuma kusan babu inda ake karɓarsu. Babban Jojin Jiha, wanda kan zagaya gidajen yari ya saki waɗanda suka daɗe ba shari'a, zai iya fitar wa majistare da alƙalan kotunan shari'a ƙa'ida a rubuce, wadda za ta hana tura mai ƙaramin laifi gidan yari don kawai ya kasa biyan tara. Idan ɗan majalisar mazaɓarmu ya zo neman ƙuri'a, abin da zan tambaye shi ke nan: nawa aka ware wa waɗannan a kasafin bana, kuma nawa aka fitar.